Matar da ta dauki tef ta auna dakunan bincike a MIT

Duk sanda aka dauko maganar mata a harkar binciken kimiyya, abu na farko da ake jefo min shine wai ai an wuce wannan zamanin, je ki leka ajin bayoloji ko maikurobayoloji a kowace jami'a ki gani, 'yan mata sun cika aji makil, wani wajen ma sun fi samarin yawa. Kuma gaskiya ne, ina gani da idona. Amma ni fa ba maganar kofar shiga nake ba. Tambayata ita ce bayan shekara 15 ko 20 da shigar, waye yake rike da lab wato dakin gwaje-gwaje, waye ake bawa kudin bincike, waye shugaban sashe, waye darakta, waye yake zaune a kwamitin karin girma yana duba fayil din wasu. In ka hau can sama ka kirga sai ka ga matan nan da suka cika aji duk sun zube a hanya, in ka tambaya ina suka shiga sai a ce maka ai aure ne da haihuwa. Aure da haihuwa suna ciki kam, zan zo kansu, amma ba su kadai bane, kuma labarin da ya fi tabbatar min da haka a Amurka ya faru, a makarantar da kowa zai iya rantsuwa cewa cancanta ce kadai take aiki a cikinta.

MIT nake nufi, wato babbar cibiyar kimiyya da fasaha ta jihar Massachusetts. Akwai wata farfesar bayoloji a can mai suna Nancy Hopkins, ta fara aiki dasu a 1973 a bangaren binciken cutar kansa, kuma tun tana dalibar digirin farko take aiki a lab din James Watson, daya daga cikin wadanda suka karbi kyautar Nobel akan gano siffar DNA. Kunga ba karamar mace bace a fagenta. Ita da bakinta ta sha fada cewa ta dade bata yarda akwai wani nuna bambanci ba, tana ganin an riga an gama da wannan matsalar tun da doka ta bude wa mata kofa, in dai kin iya aikinki to aikin zai yi magana da kansa. Ta shafe shekaru tana bincike akan kwayoyin cutar da suke jawo kansa a jikin beraye, daga baya ta je Jamus wajen Christiane Nüsslein-Volhard ta koyo aiki da wani dan karamin kifi mai ratsi-ratsi da ake kira zebrafish, ta dawo tana son ta canza akalar bincikenta zuwa kan kifin. Shi kuwa kifi sai da tankunan ruwa, tankuna kuma sai da waje. A 1993 ta nemi a kara mata wajen da bai wuce murabba'in kafa 200 ba, ku kwatanta daki mai fadin kafa 10 da tsawon kafa 20, shikenan abinda ta nema. Aka hana ta, aka kuma nuna mata cewa ai wajen da take dashi bai gaza na sauran ba.

Sai ta dauki tef din awo ta bi dakunan gwaje-gwaje da ofisoshin ginin daya bayan daya tana aunawa tana rubutawa. Abinda lissafi ya bata shine ita, cikakkiyar farfesa mai shekara 20 a wajen, tana da kafa 1,500. Kananan malamai maza wadanda ko tabbatar dasu ba a gama yi ba suna da kamar 2,000. Su kuwa sa'o'inta maza manyan farfesoshi daga 3,000 ne har zuwa 6,000. Tef din nan yanzu haka yana gidan adana kayan tarihi na MIT.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, to a wannan harkar idon ya dade da sanin kimar amma babu mai sauraronsa sai an kawo mudun an ajiye a gaban kowa. In mace ta ce ana danne ta, amsar a shirye take, ke dai kin cika korafi, kin cika mita, ba kya iya zama da mutane. Amma in ta ajiye takarda mai dauke da 1,500 a gefe daya da 3,000 a daya gefen to dole a bar zancen halinta a koma zancen lambar.

Abin bai tsaya a daki ba. A 1994 aka cire ta daga koyar da wani kwas na bayoloji wanda da ita aka tsara shi tun farko, nan ne ta zauna ta rubuta wasikar koke zuwa ga shugaban makarantar, amma kafin ta tura sai ta kai wa wata abokiyar aikinta Mary-Lou Pardue dan ta duba mata ko ta yi zafi da yawa. Pardue ta karanta ta ce ita ma tana son ta sa hannu. Wannan wajen yana taba ni sosai wallahi, saboda kowacce a cikinsu ta dade tana hadiye abin ita kadai tana zaton matsalarta ce, ko rashin sa'arta ne, ko ita ce bata iya siyasar ofis ba. Da suka fara bin sauran mata manyan malamai a tsangayar kimiyya sai suka tarar ba ma wani aiki bane neman su saboda karancinsu, a sassa shida na tsangayar mata 15 ne kacal aka tabbatar a kujerar dindindin, maza kuma 194. Kason mata a cikin malaman tsangayar yana wajen kashi 8 cikin 100 kuma ya dade a nan ko motsi baya yi, alhali dalibai mata sai karuwa suke a ajujuwa. Babu mace ko daya dake shugabantar sashe a lokacin. Da aka hada da wasu biyu masu alaka da bangaren injiniya suka zama 17, a ciki 16 suka sa hannu a takardar da aka kai wa shugaban tsangayar, Robert Birgeneau.

Kuma dan Allah a duba su waye matan. Akwai Mildred Dresselhaus wadda aikinta akan sinadarin kabon ya zagaye duniya, akwai Sallie Chisholm wadda da ita aka gano wata kankanuwar halitta a teku da take cikin mafiya yawa a duniya wajen hada abinci daga hasken rana, akwai Marcia McNutt wadda a 2016 ta zama mace ta farko da ta shugabanci kwalejin kimiyya ta kasar Amurka baki daya, wato majalisar manyan masana kimiyya na kasar. Wadannan babu mai iya cewa alfarma aka yi musu. In har irinsu za a iya matse su gefe to ina ga wadda bata yi suna ba.

An kafa kwamiti a 1995, da mata da maza a ciki, har da Jerome Friedman mai kyautar Nobel a fizis, aka basu damar duba alkaluma suka kuma zauna da matan daya bayan daya. Suka samu bambanci a albashi, a fadin wajen aiki, a kayan aiki, a kyaututtukan cikin gida, a shiga manyan kwamitoci, da kuma wani abu da mutane basu cika lura dashi ba, wato yadda makaranta take yi in wata jami'ar ta zo zawarcin malaminta. Namiji in an yi masa tayi daga waje sai a tashi tsaye a kara masa albashi da waje dan kar ya tafi, mace kuwa ba lallai a damu ba. A watan Maris na 1999 aka fitar da takaitaccen rahoton, shugaban MIT na lokacin Charles Vest ya rubuta a gabansa cewa shi da yana daukar maganar nuna bambanci a jami'o'i wani bangare gaskiya ne wani bangare kuma zato ne, amma yanzu ya gane gaskiyar ita ce ta fi rinjaye nesa ba kusa ba. Manyan jaridun Amurka suka buga a shafin farko, domin ba a saba jin babbar makaranta ta fito ta ce eh mun yi ba tare da kotu ta tilasta mata ba. Shi kuma Birgeneau tun kafin rahoton ya fita ya fara gyara, aka daidaita albashin wasu, aka kara waje, aka kara daukar mata.

Abinda ya fi tsaya min a rai a rahoton nan kaf shine bambancin bakin kananan malamai mata da na manya. Kananan da aka tambaya sun ce su kam suna jin ana goya musu baya, basu ga wani bambanci ba, damuwarsu daya ce yadda za su hada aiki da iyali. Manyan ne suka ce suna jin kamar ba a ganin su, an mayar dasu saniyar ware a sassansu, kuma suka ce su ma da suna kanana haka suka dauka babu matsala. Wato abin karuwa yake yi da girma. Lokacin da kike karama kina karkashin wani, kina yi masa aiki, nasararki tasa ce, kowa na sonki kowa na yabon kwazonki. Ranar da kika kai matsayin da za a raba waje da ke, a raba kudi da ke, a raba dalibai masu digiri na uku da ke, kuri'arki ta zama daidai da tasu a mitin, ranar ake fara mantawa da sunanki in za a kira zama. Shi yasa in yarinya sabuwar dauka ta ce min anti ni fa ban taba ganin wani bambanci ba bana musu da ita, gaskiyarta ta fada, iya inda ta kai kenan.

Kuma babu wani mugu guda daya da za a nuna a ce shine. Babu wanda ya zauna ya rubuta doka cewa a bawa mata karamin daki. Kananan shawarwari ne da ake yankewa a tsaye a baranda, wannan ya nemi kari an bashi saboda abokin shugaban sashe ne, wancan ya yi barazanar tafiya an lallashe shi, ita kuma ta nema an ce ta dan yi hakuri zuwa badi, kowanne in ka dauke shi shi kadai ba zai zama abin kai kara ba, sai an tara na shekara 20 sannan za ka ga ramin da ya haka. Ga shi kuma a kimiyya waje da kudi su ne suke haifar da sakamako. Mai babban lab zai dauki dalibai da yawa, dalibai da yawa su fitar da takardu da yawa, takardun su jawo sabon tallafi, tallafin ya jawo karin waje. Daga karshe sai kwamitin karin girma ya zauna ya kirga takardu tsakani da Allah ya ce ai shi ya fi ta, kuma a takarda ya fi ta din, sai dai babu wanda ya tambaya da me aka bata ta fara.

An soki rahoton fa, masu suka sun ce ba a fito da alkaluman albashin fili kowa ya gani ba, kuma matan da suka kawo koken suna cikin kwamitin da ya bincika. Sukar tana da kamshin gaskiya, ni ma na fi son a baje komai a faifai. Amma akwai wasu binciken da aka baje din. A kasar Suwidin wasu masu bincike biyu, Christine Wennerås da Agnes Wold, sai da suka je kotu kafin hukumar binciken lafiya ta kasar ta basu makin da alkalanta suka bawa masu neman tallafin bayan digiri na uku. Mutum 114 suka nema, maza 62 mata 52, aka bawa maza 16 mata 4. Da suka auna makin da ainihin aikin da kowa ya wallafa sai suka ga mace sai ta yi ninki biyu da rabi na aikin namiji kafin a bata makin cancanta irin nasa. Suka kuma gano abu na biyu da yake daga makin mutum, wato ya kasance yana da alaka da wani dan kwamitin. Sanayya kenan, a Suwidin ma. An buga wannan a mujallar Nature a 1997.

Sai na jami'ar Yale a 2012, wanda shi kam ya fi ciwo. An dauki takardar neman aikin manajan lab guda daya, komai iri daya, aka tura wa malaman kimiyya 127, wasu an sa sunan John a sama wasu an sa Jennifer. John ya fi samun makin kwarewa, an fi son daukarsa, an fi son a ja shi a jiki a koya masa, albashin da aka yanka masa ya dan haura dala 30,000 ita kuma wajen 26,500. Kuma malamai mata ma haka suka yi, basu bambanta da mazan ba. Dan haka masu cewa a zuba mata a kwamiti shikenan an gama, ba a gama ba, mu ma da wannan tunanin muka tashi, ni ban yarda fada ne tsakanin maza da mata ba. Akwai kuma wani bincike daga jami'ar Cornell a 2015 da ya samu akasin haka a wajen daukar sabbin malamai, inda malaman da aka gwada suka fi zabar mace in cancanta ta zo daya. Wasu suna daga shi a matsayin hujjar cewa babu matsala, ni kuma abinda na karanta a ciki shine kofar shiga ta gyaru a wasu wuraren, wanda dama ba nan ne inda ciwon MIT yake ba.

MIT din ta canza, a 2001 shugabannin manyan jami'o'i tara suka hadu a can suka amince da bakinsu cewa akwai shinge a gaban mata, a 2004 aka nada Susan Hockfield mace ta farko shugabar makarantar, zuwa 2011 da aka sake dubawa kason mata a tsangayar kimiyya ya kai wajen kashi 19. Amma rahoton 2011 din ya zo da sabon ciwo, yanzu kuma rade-radin da ake yi shine wai an sassauta ma'auni ne dan a dauki mata, sai macen da ta sha wuya ta kai ta koma tana kare kanta. A 2017 kuma a cibiyar Salk ta Kalifoniya, uku daga cikin manyan farfesoshi mata hudu da suke da su suka kai cibiyar kotu akan kusan irin wannan zargin na waje da kudi da ma'aikata, cibiyar ta musanta, aka sasanta a 2018.

Toh maganar haihuwa. Shekarun da ake son mai bincike ya fi zuba aiki, daga gama digiri na uku zuwa samun gindin zama, su ne dai shekarun da mace take haihuwa da goyo, wannan babu yadda za a yi dashi. Abinda ake iya canzawa shine yadda ake kirga shekarun. Hukumar bada tallafin bincike ta Tarayyar Turai tana kara wa uwa wata 18 akan kowane da a wa'adin da aka yanka na neman tallafin matasan masu bincike. Ita kuwa Nüsslein-Volhard din da Hopkins ta je wajenta, wadda ta ci Nobel a 1995, gidauniya ta kafa a 2004 da take bawa matasan mata masu bincike masu yara kudi duk wata dan su dauki mai taya su aikin gida da reno. Ba kudin sinadarai ba, kudin wanki da shara da rike yaro, domin ta san inda lokacin mace yake tafiya. Amma gyaran ma sai an bi shi da awo. A sassan nazarin tattalin arziki na manyan jami'o'in Amurka an kawo tsarin kara shekara guda a wa'adin tabbatar da malami ga duk wanda aka yi wa haihuwa, mace ko namiji, dan a yi adalci, da aka zo aka duba a wani bincike na 2018 sai aka ga maza ne suka ci ribar, sun yi amfani da shekarar sun kara wallafa takardu, matan kuma damar tabbatar dasu ma raguwa ta yi saboda su da gaske renon suka yi.

In na juyo gida, tsaninmu a bayyane yake a takarda, daga mataimakin malami har zuwa farfesa, kowane mataki da shekarun jira da adadin takardun da ake bukata, manyan matakan kuma sai an tura wa masu tantancewa na waje. Albashi ma tsari daya ne na gwamnati, babu wanda zai ce an rage wa mace. Dan haka namu bambancin baya cikin takardar albashi, yana cikin abubuwan da ake hawa tsanin dasu. Waye ya ji labarin tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da wuri, waye aka sa sunansa a tawagar da za ta rubuta neman babban tallafi, waye aka tura taro ko horo a waje, waye aka bawa mukullin dakin da yake da firiza da sola, waye aka bawa motar zuwa gona ko kauye daukar samfur. Yawancin wadannan ba a allon sanarwa ake jin su ba, a majalisa ake jin su, a gindin bishiya bayan la'asar, a hanyar dawowa daga masallaci, a kulob din ma'aikata da daddare, wuraren da ni ba zan je in zauna ba kuma ba ma so nake in je ba. Ba na cewa a rushe majalisa, cewa nake abinda ya shafi aiki a fito dashi a rubuce kowa ya gani rana daya. A inda nake aiki na taba jin labarin wani horo bayan an riga an tura sunaye, da na tambaya sai aka ce min ai an dauka maigidanki ba zai bari ba ga kuma yara. Babu wanda ya tambaye ni, babu wanda ya tambaye shi, an yanke mana hukunci ne cikin tausayi, kuma na tabbata wanda ya yi hakan har ransa yana ganin kyautatawa ya yi min.

Sai kuma irin aikin da ake loda mana. Kwamitin walwala, kula da dalibai mata, rijistar 'yan aji daya, rubuta bayanin mitin, hada abincin taro, ziyarar mara lafiya. Ayyuka ne masu kyau kuma akwai lada, amma ranar da fayil ya je gaban kwamitin karin girma makinsu kadan ne, takardu ake kirgawa. Ga tallafin karatu da yawa masu iyakar shekaru, wadda ta tsaya ta yi aure ta haihu ta dawo da karfinta sai ta tarar shekarunta sun haura. Ku dubi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta jami'ar Bayero, ta yi aure bayan sakandare, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a da 'ya'yanta, ta zama masaniyar fizis din sararin samaniya har ta karbi kyautar gidauniyar Elsevier a 2015. Ina alfahari da ita, amma ina tunanin nawa ne irinta da iyakar shekaru ta rufe wa kofa tun kafin a ga abinda za su iya. Kuma jinkirin yana bin mutum har karshe, tunda a jami'o'inmu farfesa sai ya kai 70 yake ritaya, wanda bai kai ba kuma 65, wadda aka bata wa lokaci a tsakiya an kuma yanke mata shekara biyar a karshe.

Nasan za a lissafo min sunaye, Grace Alele-Williams da ta shugabanci jami'ar Benin tun 1985, Deborah Ajakaiye da ta koyar a ABU Zariya ta zama farfesar fizis a 1980, Fatima Batul Mukhtar da ta rike jami'ar tarayya ta Dutse. Allah ya saka musu, sun share hanya. Amma yadda muke iya kirga su da yatsu shi kansa amsa ne. Kwalejin kimiyya ta Najeriya an kafa ta a 1977, sai a 2021 mace ta fara hawa kujerar shugabancinta, Farfesa Ekanem Braide. Ita ma Dresselhaus ai tana MIT tana tashe a duniya a daidai lokacin da mata suke kashi 8.

Abinda nake so a yi a cibiyoyinmu, ko na noma ne ko na dabbobi ko na lafiya ko jami'o'i, baya bukatar taron wayar da kai a otal da jaka da riga. Alkaluman suna nan a ofishin rijistara da na basa. A dauko na shekara 10, a duba shekara nawa mace take yi a kowane mataki kafin ta wuce, nawa namiji yake yi. A duba sunayen da aka tura taro da horo, da wadanda suka jagoranci tallafin bincike, da masu rike da dakunan gwaji, da 'yan kwamitocin da suke raba kudi da 'yan kwamitocin da suke raba abinci. A sa manyan maza wadanda ake jin maganarsu a cikin masu dubawar kamar yadda MIT ta yi, dan kar a ce mata ne suka hada kai suka rubuta abinda suke so, a kuma lika sakamakon inda kowa zai gani. In lissafi ya nuna babu bambanci alhamdulillahi, mun huta da zargi. In ya nuna akwai, to darakta ko shugaban jami'a ya daure ya fada da bakinsa, domin a MIT ma matan 16 sun yi nasu, amma da Birgeneau da Vest sun ce a kai takardar kwamiti a manta da ita da babu abinda zai motsa.

Ku kuma kannena da kuka shigo yanzu, ku rika ajiye rubutu. Ranar da kika nemi abu ki nema a rubuce ki rike kwafi, ki san abinda aka bawa sa'anki da kuka shigo tare, ki san ka'idar karin girma tun shekararki ta farko kar ki jira sai lokaci ya zo, in an kawo miki kwamiti na hudu ki tambaya cikin ladabi ko akwai wanda bashi da ko daya. Kuma ki rika zuwa ofishin manyan matan dake sashenku kina gaishe su kina tambayarsu yadda suka yi, da yawansu suna da abin fada, ba a taba tambayarsu bane.